Kafanchan: Aure Ya Kawo Ta, Gari Ya Riƙe Ta

Daga Kaduna muka bi ta Kachia da Zonkwa, ƙasa tana ƙara kore, har duwatsun Kagoro suka bayyana. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun wajen 1927, da layin dogo na Fatakwal da na Kaduna da na Jos suka haɗu a nan, jama'a ke ta kwararowa: Ibo da Yarbawa ma'aikatan reluwe, Hausawa da Fulani, ga Fantswam da maƙwabtansu Bajju da Atyap da Ham. Kowa da yarensa a gida, a kasuwa kuwa sai Hausa. Na je Matsirga na ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, na yaba. Amma matan garin ne suka fi zauna mini a rai.

A wata rumfar citta na zauna da wata dattijuwa da aure ya kawo daga Filato. Mijin ya yi ta dukanta har ta fita. Na ce, "Mama, ba ki koma gida ba?" Ta ce, "'Yata, wane gida? Nan na haihu, nan cocina yake, nan masu cinikina suke." Ɗaki ta kama haya, zumuntar mata ta cocinsu ta haɗa mata jari, ta shiga adashi. Ko a 2023, da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, ba ta tashi ba, sai ta koma sayar da acca da masara har kasuwa ta farfaɗo.

Abin ya taɓa ni, don na san yadda ake yi a wurinmu. Da an furta saki, a daren nan ake kwashe kaya, alhali shari'a ta ce mace ta yi idda a ɗakinta. Ga kuma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda take bin uba. A garin miji a ce mata baƙuwa ce, a garin uba a ce ai ta yi aure ta tafi. Mace nawa ke haƙuri da duka don ba ta san inda za ta sa kanta ba? Amurka ta gane wannan tarko tun 1994, ta yi dokar da ta ba baƙuwar da aure ya kai ƙasar, wadda miji ke zalunta, damar neman takardar zama da kanta, ba sai da sa hannunsa ba. Ingila ma tana da irin wannan ƙofa. A Nijeriya dokar hana cin zarafi ta 2015 ta sa korar abokin aure daga gida da ƙarfi cikin laifuka, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018.

Doka a takarda ba ta share hawaye, shi ya sa na ji daɗin ganin cibiyar Salama a asibitin Patrick Yakowa da ke Kafanchan. Ire-irenta suna Kakuri da Tudun Wada da Zariya. Wadda aka yi wa fyaɗe ko duka tana samun magani da shawara kyauta, a kuma haɗa ta da masu bi mata haƙƙi. Garin Kafanchan ya ga wutar rikici a 1987 da 2011, har yau akwai unguwar da ake kira ta Musulmi da wadda ake kira ta Kirista. Duk da haka mai hijabi da mai ɗankwalin zumunta ƙofa ɗaya suke shiga, kuma idan sun fito, da yawa ba tashar mota suke nufa ba, kasuwa suke komawa su buɗe rumfunansu.