Rigar Jirgin Da Bai Taɓa Tashi Ba

 Yau zancen fenti muka kawo, amma ku yi haƙuri ku biyo mu, ba mu yi nisa da alƙalami ba.

Mu 'yan kaɗan ne, ba mu kai goma ba, kuma muna da wani aiki da ba ya kawo ko sisi: muna yi wa jiragen yaƙi fenti a cikin kwamfuta. Akwai manhajoji masu kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi, irin su DCS World da IL-2 Sturmovik da War Thunder, inda ake gina jirgi daidai da na gaske, tun daga agogunan da ke gaban matuƙi har zuwa yadda injin ke tari idan an matsa masa. Fatar jirgin kuwa hoto ce a shimfiɗe, kamar an feɗe rago an shanya fatar: fiffike a nan, wutsiya a can, ciki a wani lungu. Sai mutum ya buɗe hoton da GIMP ko Photoshop, ya zana abin da yake so, ya adana, manhajar ta naɗe shi a jikin jirgin. A tsakaninmu riga muke ce wa wannan fentin.

Yawancin masu wannan aiki a duniya kwafi suke yi. Su nemo tsohon hoton wani jirgi, su bi shi tabo da tabo. Mu kuwa abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ɗinka riga ga jirgin da bai taɓa tashi ba, a rundunar da ba a taɓa kafawa ba. Muna kiran wannan tarihin da-a-ce.

Ga wanda bai sani ba, sai ya ɗauka wannan ne mai sauƙi, tunda babu hoton da za a kama ka da shi. Ba haka ba ne. Duk wanda ya fara, abin da zuciya ke raya masa shi ne ya ɗauki jirgi mafi kyau, ya zuba masa kore da fari, ya ƙara doki, ya ƙara dagi, ya ƙara takobi, har jirgin ya koma kamar gingimarin da ta fito daga wurin mai zane. Yana da kyau a ido, amma babu mai yarda da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan aikin ya fi ƙurewa da wuri, domin masu kallo sun san jirage. Saboda haka muka yi wa kanmu doka guda: abu ɗaya tak za mu canza a tarihi, sauran kuwa dole su bi gaskiya duk inda ta ja mu.

Ga aikin da ya fi cin mana lokaci. Tambayar ita ce: da a ce a shekarar 1943 Turawan Ingila sun kafa rukunin jiragen yaƙi a Kano, matuƙa da makanikai 'yan ƙasa, yaya jirginsu zai kasance?

Tambayar ba daga sama ta faɗo ba. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga watan Satumba 1940 kuma Kano ta zama zango a wata babbar hanya: ana kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a haɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Ita kanta hanyar a kan wani da-a-ce take tsaye, domin da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai bi ɓangaren De Gaulle a watan Agusta 1940 ba, da sararin Chadi bai buɗu musu ba. Akwai kuma rukuni na 91 na sojan saman Ingila, wanda ya ɗauki sunan Nijeriya saboda gudunmawar kuɗin da aka tara a nan, ko da yake a Ingila ya yi yaƙinsa da jiragen Spitfire. Akwai Peter Thomas, ɗan Legas, da ya zama matuƙi a sojan saman Ingila a lokacin yaƙin. Indiya kuwa, da take ƙarƙashin mulkin mallaka kamar mu, tana da rukunonin jirage nata na kanta. Kun ga ke nan tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da muka ƙaga ba ta fi taku ɗaya ba.

Gardamar farko a kan irin jirgin aka yi ta. Kowa Spitfire yake so, don ya fi kyau kuma ya fi suna. Amma mai mulki ba ya ba wa talakansa sabuwar riga. Jiragen Hurricane ne matuƙan Indiya suka fi yaƙi da su a Burma, a lokacin da Hurricane ya riga ya fara tsufa a Turai, kuma babu dalilin da zai sa Kano ta samu abin da ya fi wannan. Muka tsaya a kan Hurricane mai matatar ƙura a ƙarƙashin hanci, irin wanda ake aikawa hamada. Wannan zaɓin kaɗai ya faɗi matsayin mutanen da ke cikin labarin fiye da duk abin da za mu rubuta a jikin jirgin.

Sai tambari. A nan ne masu kishin ƙasa a cikinmu suka sha wuya. Kore, fari, kore bai halatta ba, domin sai a 1959 Taiwo Akinkunmi ya zana wannan tuta. A 1943 jirgin zai ɗauki da'irar Ingila ce, shuɗi da fari da ja, ko muna so ko ba ma so. Alamar Nijeriya ta lokacin koren tauraro ce mai tsini shida a cikin jar da'ira, da kambun sarauta a tsakiya, alamar sojan Afirka ta Yamma kuma itacen kwakwa ne. Dagi fa? Bai zama tambarin gwamnatin Arewa ba tukuna, amma yana nan a bangon gidaje da aikin riguna tun da daɗewa. Don haka muka ba shi wuri ƙarami, bai fi tafin hannu ba, a ƙarƙashin ɗakin matuƙi, kamar abin da wani makanike ya zana da ragowar fenti bayan hafsa ya juya baya. Haruffan DL ma muka kauce musu, don na rukuni na 91 ne.

Launi ya fi komai cin dare. Fentin hamada na Ingila ruwan ƙasa ne da launin rairayi a sama, shuɗi a ciki. An tsara shi ne don sararin Libiya da Masar. Wanda ya san Kano a watan Janairu ya san sama ba shuɗiya ba ce, hazo ya mayar da ita fari-fari kamar an yayyafa toka, kuma jirgi mai shuɗin ciki zai fito fili a cikinta. A watan Agusta kuma ƙasar da aka yi wa launin rairayi ta koma kore shar. Me rukunin zai yi? Ba su da masana'antar fenti. Abin da ke cikin sito za su gauraya. Sai muka dusashe shuɗin da fari, muka bar gaurin bai yi daidai ba, fiffiken dama ya ɗan fi na hagu haske, kamar an yi su a ranaku daban da gwangwani daban.

Bayan fenti sai tsufa, kuma a nan ne riga ke samun rai ko ta mutu. Rana tana cin saman jirgi fiye da gefensa. Hayaƙin inji yana barin baƙin zane daga bakin bututu zuwa baya. Ta hagu matuƙi ke hawa, saboda haka gindin fiffiken hagu ne takalmi ke goge wa fenti har ƙarfe ya bayyana. Amma bayan gangar jikin Hurricane yadi ne aka ja a kan ƙashi, ba ƙarfe ba, don haka duk wanda ya zana ƙyallin ƙarfe a can ya tona wa kansa asiri. Ƙurar da ke maƙale a ramin tayoyi kuwa ja-ja muka yi ta. Duk wannan ba wanda zai lura da shi ɗaya bayan ɗaya. Idan babu shi ne kowa zai ji wani abu bai zauna ba. Masu rubuta labarin sarauta da na zamanin da sun san wannan ciwon: gwarzo yana iya zama ƙagagge, amma takalminsa da abincinsa da kuɗin da ke aljihunsa dole su zama na shekararsa.

Mun raɗa wa jirgin suna Shamuwa, tsuntsuwar da ke tafiya ta dawo. Da ajami muka rubuta, duk da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa da boko tun 1939, domin hannun makanike ɗan birni a lokacin ya fi sabawa da ajami. Wani abin haushi, a wasu jiragen hoto ɗaya manhaja ke amfani da shi ga ɓangarorin biyu, sai rubutu ya fito a juye a gefe guda kamar a madubi. Dole a nemi wurin da ba ya juyawa.

Da muka ja labarin gaba, sai ya kai mu Burma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan, kakannin wasunmu a ciki. Idan rukunin Kano ya bi su a 1944, dole rigar ta canza: launin daji a maimakon na hamada, kuma dole a cire ja daga da'irar, domin a wannan fagen Ingila ta cire shi don kada a rikita jiragenta da na Japan masu jar da'ira. Ba mu muka zaɓi haka ba. Canji ɗayan da muka yi tun farko ne ya jawo shi.

To, ga inda abin ya daina zama wasa. Wani daga cikinmu ya kawo shawara: mu yi MiG-21 na shekarar 1975 da tambarin rabin rana, da a ce Biyafara ta tsira. Wani ya ce in haka ne shi ma zai yi MiG-17 na tarayya, irin waɗanda aka fara saukewa a Kano a 1967, ya jera masa ƙananan bama-bamai a hanci, kowane ɗaya alamar hari guda, kamar yadda ake yi a yaƙin duniya. Ta fuskar aiki duka biyun suna da daɗi. Akwai kayan tarihi da yawa: jirgin B-26 na Biyafara mai zanen bakin kifi, ƙananan jiragen MFI-9 da Carl Gustaf von Rosen ya kai hari da su a watan Mayu 1969, filin Uli da jiragen agaji ke sauka cikin dare.

Amma wannan yaƙin ba na nesa ba ne. Jiragen tarayya sun jefa bama-bamai a garuruwa da kasuwanni, kuma ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross. Waɗanda suka rasa iyaye a ɓangarorin biyu suna raye, kuma 'ya'yansu suna cikin masu sauke rigunan da muke ɗorawa a intanet. Manhajar ba ta nuna kasuwa. Daga ɗakin matuƙi gari ɗan tabo ne, bam kuma hayaƙi ne mai kyan gani. Fenti yana ƙara wa wannan makanta, don aikinsa ke nan, ya sa injin kisa ya yi kyau. Kamfanoni da yawa ma suna barin wutsiyar jiragen Jamus babu tambarin 'yan Nazi saboda dokar ƙasar, masu kwafi kuma suna ta gardama a kai har yau. Mu ba doka ce ta tsayar da mu ba. A cikinmu akwai ɗan Borno, kuma abin da ya faru a Rann ranar 17 ga Janairu 2017, lokacin da jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, ba labarin littafi ba ne a wurinsa.

Ba mu ce haramun ne a taɓa wannan tarihi ba. Marubuci na iya shiga cikinsa, domin yana da shafuka ɗari da zai nuna wanda ke ƙasa lokacin da jirgi ya wuce. Riga ba ta da wannan fili. Abin da take iya faɗa kaɗan ne, kuma kusan kullum alfahari ne. Ga ra'ayinmu kuma, da-a-cen da ke juya wanda ya ci yaƙi shi ne mafi araha a cikin irinsa: ba ya tambayar komai, fansa kawai yake ɗauka da fenti.

Matsayar da muka cimma ba ta gamsar da kowa ba. Wanda ke son kwafin jirgin yaƙin basasa yadda yake a hoto, na kowane ɓangare, yana iya yi da sunansa. Amma a aikin da muke fitarwa tare, ba ma ƙaga nasara ga kowa a wannan yaƙin, kuma ba ma jera alamar bam a hancin jirgin da ya tashi a kan ƙasarmu. Mai shawarar rabin rana har yanzu yana ganin tsoro ne ya hana mu, kuma yana nan tare da mu, shi ne ma ya fi kowa iya zanen hayaƙin inji.

Yanzu rigar Burma ta Shamuwa muke ƙarasawa, idan wuta ta zauna. Abin da ya rage mana shi ne hannun rubutu. Duk wanda ke da tsohon akwatin kakansa da ya dawo daga Burma, ko wasiƙarsa, ko hoton da aka yi rubutu a bayansa, muna roƙon ya ɗauko mana hotonsa mu ga yadda soja ke ja wa haruffa wutsiya a wancan lokaci.