Yadda Na Kewaya Duwatsun Shere A Kan Keke

Yau ba maganar girki ko renon yara na zo da ita ba, labarin keke ne. Kada wadda ta yi dariya tukuna sai ta ji ƙarshensa.

Da na gama kwalejin horon malamai cikin 2023, aka tura ni wata makarantar firamare ta ƙauye, can bayan duwatsun Shere, gabas da Jos. Malamai mata biyu aka tura wurin kafin ni, dukansu suka nemi canji, domin mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, kuɗin babur kuwa ya fi ƙarfin albashi. Mahaifina ya ce in bi sawunsu. Na ce, "Baba, a bar ni in gwada da keke. In tafi Litinin, in kwana can, in komo Juma'a." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, ki je ki dawo a yini guda, ke da ƙanenki. In magariba ta riske ku a hanya, magana ta ƙare."

Keken da na samu na gwanjo ne, irin wanda ake kira keken dutse, mai kaurin taya da giya barkatai. A Kalifoniya ta Amurka aka fara ƙera irinsa wajen shekarun 1970, don samari masu wasan gangara daga kan tudu. Su wasa suke yi, ni kuwa aikina ne ya rataya a kansa. Hanyoyi biyu ke zuwa ƙauyen, gajeriya mai hawa da doguwa mai kewaye, muka shirya mu tafi ta ɗaya mu komo ta ɗayar, don da damina rafi kan yanke gajeriyar. Duka mil 22 ne.

Ran Asabar cikin watan Disamba muka fita bayan asuba, sanyin hunturu na yanka kunne. Tun ba mu wuce Lamingo ba gefen zanena ya shiga sarƙa, saura kaɗan in kife. Na sauka na naɗe shi bisa wandon da ke ciki, na soke mayafi da kyau. Wadda duk za ta hau keke, ta fara da wannan.

Garin Jos kansa yana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, ƙololuwar Shere kuwa ta kai ƙafa 6,000. Na sha rubuta wannan a jarrabawa, amma ran nan cinyoyina suka san ma'anarsa. Ba ƙololuwar muka nufa ba, gefe muka bi, duk da haka hawan farko ya kusa sa ni kuka. Na miƙe tsaye bisa feda ina dannawa da ƙarfi, tayar baya sai juyawa take cikin tsakuwa, keke ba ya gaba. Ƙanena ya ce, "Yaya, zauna! Nauyinki ne ke riƙe tayar. Ki sa sarƙa a ƙaramin haƙori na gaba da babba na baya, tun kafin hawa ya yi tsanani." Na yi haka. Ƙafa na juyawa da sauri, keke na tafiya kamar hawainiya, amma yana tafiya. Ashe ba ƙarfi ake so ba, sanin lokacin sake giya ne. Inda duwatsu suka yi yawa na sauka na tura, ban kuwa ji kunya ba, shi ma malamin nawa turawa ya yi.

Muka bi ta tsakanin gonakin acca da aka riga aka girbe, da gidajen Jarawa kewaye da shingen ƙerana. Yara suka biyo mu da gudu suna cewa ga mace a kan keke. Wani mutum a gindin mangwaro ya ce wa abokinsa, yadda zan ji, wai 'yan boko sun rasa abin yi. Wannan ya fi hawan ciwo. Amma a ƙauyen wata tsohuwa ta ba mu ruwa, da ta ji abin da ya kawo ni ta ce, "'Yata, jikokina mata uku suna makarantar nan, ba su taɓa samun malama ta shekara da su ba." Na ce, "Iya, ki sa ni cikin addu'a."

Bayan azahar muka kamo hanyar komowa, ina murna gangara ce. Nan fa na ga ta kaina. Keke ya kwasa da gudu, tsoro ya kama ni, na matse birkin gaba shi kaɗai. Tayar gaba ta tsaya cik, ni ban tsaya ba. Sai ga ni a ƙasa, gwiwa ta kuje, tafin hannu na jini, ba nisa da wani kududdufin da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Irin waɗannan ramuka suna da zurfi ƙwarai, kada ruwansu mai kyaun gani ya ruɗe ku. Ƙanena ya ce mu nemi babur a ɗora ni. Na dubi rana, na tuna sharaɗin Baba, na ce a'a. Daga nan na koyi ja da jikina baya da sirdi, in taɓa birki biyu tare a hankali, in sa ido can gaba inda nake son bi, ba kan dutsen da nake tsoro ba. Ƙaya ta huda taya ɗaya, muka yi faci, muka ba ta iska, rabin sa'a ya tafi.

Ana kiran sallar magariba muna shiga unguwarmu. Baba na zaune a ƙofar gida da buta. Ya dubi gwiwata, ya dubi keken, ya ce, "Kiran bai ƙare ba, na karɓa. Shiga uwarki ta gasa miki ƙafa."

Na kama aiki a watan Janairu na 2024. 'Yan mata 17 na tarar a ajina, biyu daga cikinsu jikokin tsohuwar nan ne. Ran Alhamis bayan an tashi nakan ba su keken su koya a filin makaranta, ban da gangara.