Akwatin Kawu da dariyar da ta kusa salwanta

A ɗakin kwananmu na ɗalibai a Gusau, laƙabin da aka liƙa mani shi ne Ɗan Gwangwan. Dalili kuwa, duk ranar Asabar idan abokaina suka nufi gidan kallon ƙwallo, ni sai in bi rumfunan masu gyaran rediyo da talabijin ina cigiyar tsofaffin kaset-kaset na bidiyo, musamman na barkwanci. Wani ya yi mani dariya, wani ya ce, "Yaro, a wannan zamani na waya?" Ba na jin haushi, domin shekaru kaɗan da suka wuce da ni ma abin da zan faɗa ke nan. Bari in ba ku labarin yadda aka yi na sauya.

Ni haifaffen Magami ne, a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau. Ƙanen mahaifiyata, wanda muke kira Kawu, yana da gidan kallo a bayan kasuwa tun kafin a haife ni. Ba wani gini ba ne na a zo a gani: zana ce aka kewaye, da bencina, da talabijin mai ƙaton ƙeya, da na'urar bidiyo, da ƙaramin janareta da ba ya tashi sai an lallaɓa shi. Na riski ƙarshen zamanin wurin ina ɗan firamare. Aikina shi ne share ƙasa da yayyafa ruwa kafin magariba, ladana kuma in shiga kyauta.

Kawu yana sa na Indiya, yana sa na soyayya, amma ranar da ya rubuta sunan Ibro a allon bakin ƙofa, ranar ce benci ba ya isa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan a Jihar Kano, wanda ya yi aikin gidan yari kafin ya koma wasan kwaikwayo, shi ne sarkin finafinan da ake kira camama. Kafin ya buɗe baki ma mutane sun fara dariya. Ibro ya rasu a watan Disambar 2014. A lokacin kasuwar gidan kallon ta riga ta mutu, domin kowa ya koma tura fim a memori yana kallo a tafin hannunsa. Kawu ya tattara kayansa a wani akwatin ƙarfe irin na amare, ya tura ƙarƙashin gadon Kaka. Bayan shekara uku shi ma Allah Ya yi masa rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Akwatin ya zauna nan, ba mai taɓa shi, ba mai maganarsa.

Sai ga watan Satumbar 2021. Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru: saboda matsalar 'yan bindiga aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Wayoyinmu suka koma fitila. Dare ya yi tsawo. Da an yi isha'i kowa ya shige gida, ba hira a dandali, sai sauraron kukan karnuka da ƙirga bugun zuciya. Ƙannena suka daina wasa. Kaka kuwa, wadda tun rasuwar Kawu ta rage magana, sai ta koma zama da carbi kawai.

Wata rana da hantsi, don rashin abin yi, na jawo akwatin. Kaka ta dube ni ta ce, "Mi kaka nema cikin wanga tarkace?" Na ce, "Kaka, gani kawai zan yi." Ta yi shiru, can ta ce, "Buɗe. Mai shi ba ya dawowa."

Na ƙirga kaset 63 da faifan sidi fiye da 100, ga na'urar bidiyon nannaɗe a tsohon zane, ga kuma ƙaramar na'urar faifai. Kowane kaset da rubutun Kawu da biro a jikinsa. Akwai Ibro Awilo, akwai Ibro Usama, akwai Ibro Aloko, fim ɗin da ya jawo wa Ibro ɗauri a Kano a 2008. Akwai kuma wasu marasa kwali, waɗanda Kawu ya naɗa da kansa daga talabijin: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero.

Matsalar ita ce wuta. A nan ne katsewar layin waya ta yi mana rana. Maƙwabcinmu mai cajin waya da hasken rana ya rasa masu kawo caji, batirinsa na cike ba aikin yi. Na roƙe shi, ya ce in ɗauka da sharaɗin iyalinsa ma za su zo kallo. Da la'asar, tun da sauran haske, muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, muka rage murya, na sa faifan Ibro.

Ba zan manta da wannan yammaci ba. Da farko yara ne kawai ke dariya, su ma a ɗarare, suna waiwayen manya. Can aka zo wani wuri da Ibro ya sha alwashin ba ya tsoron kowa, sai ga matarsa ta ɗago muciya, ya nemi hanyar gudu ya rasa. Sai na ji wata irin dariya daga bayana, mai haɗe da tari. Kaka ce. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Inna ta dube ni, na dube ta, ba wanda ya ce uffan. Rabon da mu ji wannan sauti a gidanmu shekara huɗu ke nan.

Kwana biyu bayan haka na sa wani fim da Ibro ya fito a Bafulatani, da sanda da malafa. Sai na ji tsakar gidan ta yi tsit. Kowa ya san halin da ake ciki, kuma abin da a da wasa ne yanzu ya yi nauyi. Na miƙa hannu zan kashe, Kaka ta ce, "Bar shi." Sannan ta ba mu labari cewa lokacin da Kawu ke sa wannan fim, Fulanin da suka kawo shanu kasuwa su ne ke cika bencin gaba, su ne kuma suka fi kowa dariya, har su riƙa gyara wa Ibro Fulatancinsa daga inda suke zaune. Ta ce, "Tare munka yi dariyar nan da su." Ƙanwata mai shekara 9 ta tambaya, "Da gaske, Kaka?" A ranar na gane cewa ba fim kawai ke cikin akwatin ba. Akwai shaidar wani zama da aka taɓa yi a garinmu, wanda ƙannena ba su gani ba, kuma idan ba a nuna masu ba za su ɗauka ƙarya ne.

Yanzu bari in faɗi laifina, don kada wani ya maimaita. A cikin kaset-kaset ɗin akwai ɗaya da Kawu ya rubuta wa, "Samanja. Kada a ba kowa aro." Na lura da wani farin abu kamar gari a jikin zaren ta cikin gilashin, amma ɗoki ya hana ni tsayawa. Na tura shi cikin na'urar. Hoto ya fito na ɗan lokaci, ga Samanja cikin kaki yana zare ido, sai allon ya cika da yayyafi, sai na ji ƙarar taunawa. Kafin in fito da shi zaren ya cukurkuɗe, ya tsinke wuri uku. Farin abin nan hunhuna ce, ta manne zaren da juna. Kaset ɗin da mai shi ya hana aro shekara da shekaru, ni na kashe shi cikin minti biyu. Gaggawa aikin Shaiɗan. Har yau ban sami wannan kashi na wasan a ko'ina ba.

Da muka dawo Gusau da zama a shekarar da ta biyo baya, Inna ta so a sayar wa 'yan gwangwan da akwatin saboda ƙarancin wuri. Na roƙe ta, na ce zan riƙa kwana da shi a gefen katifata. A nan na haɗu da wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya yi zamani da waɗannan na'urori. Shi ya koya mani abin da na sani. Ya ce maƙiyan kaset huɗu ne: zafi, da laima, da ƙura, da maganaɗisu, don haka kada a ajiye shi kusa da lasifika ko ƙarƙashin kwano mai zafi. A jera shi a tsaye kamar littafi. Idan an ga hunhuna, kada a kunna; a kwance kwalin a goge zaren a hankali da ƙyalle mai laushi, a fili ba a ɗaki ba, da takunkumi a hanci. Kan na'urar kuma a goge shi da farar takarda da ɗan sifirit, ba da auduga ba. Faifan sidi a goge shi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Ya kuma gaya mani gaskiya mai ɗaci: duk kulawar da za a yi, kaset mutuwa yake yi a hankali. Na'urar kunna shi ma ta kusa zama tarihi, domin kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina tun 2016. Mafita ita ce a kwafe. Na tara kuɗin da nake samu a koyar da yara darasi da yamma, na sayi wata 'yar na'ura mai kama da filas wadda ke haɗa bidiyo da kwamfuta. Ba a yi mata sauri: fim na awa biyu, awa biyu za ka zauna. Zuwa yau na ceto kaset 41 daga cikin na Kawu, na kuma ƙara wasu 20 daga yawon Asabar. Kowanne ina ajiye shi wuri biyu, ina kuma rubuta sunan fim, da kamfani, da 'yan wasa a wani littafi.

Abokaina sukan ce, "Ai duk suna YouTube." Ba duka ba. Abin da ya fi yawa a can guntaye ne na minti biyar, an yanke farko da ƙarshe, ba sunan wanda ya rubuta, ba na wanda ya ɗauka, ba shekara. Kaset kuwa yana zuwa da komai, har da tallar finafinai masu fitowa da ake sawa a farko. A irin wannan talla na ga sunayen finafinan da na yi cigiya har na gaji ban samu ba. Wataƙila wannan minti ɗaya na talla shi ne kaɗai abin da zan taɓa gani daga cikinsu.

Wannan asara ba mu muka fara ta ba. Binciken da babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da fim ba ya magana sun ɓace baki ɗaya. Na Charlie Chaplin sun tsira ne domin an adana su, daga baya kuma wata cibiya a birnin Bologna na Italiya ta zauna ta gyara su, shi ya sa yau ake sayensu fes kamar jiya aka ɗauka. A gida ma an taɓa yin irin wannan sa'a. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya salwanta, sai aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon gini a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. To amma shi wannan babban fim ne da hukuma ta san da zamansa. Finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, yawancinsu ƙananan kamfanoni ne suka yi, aka sayar a Ƙofar Wambai, aka wuce wurin. Na barkwanci kuma su aka fi rainawa, ana ganin shirme ne na ci-yau-manta-gobe. Ga shi kuwa a cikinsu ne za ka ji yadda talaka ke magana, ka ga suturarsa, da kasuwarsa, da abin da ke ba shi tsoro, da yadda yake mayar da shi abin dariya.

Abu ɗaya nake kiyayewa: ba na sayar da abin da na kwafa, ba na kuma ɗora shi a intanet da sunana. Satar fasaha na cikin abubuwan da suka karya masu wannan sana'a, kuma waɗannan finafinai suna da masu su da magadansu. Ni mai ajiya ne. Burina wata rana in miƙa kwafi ga ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, ko wani sashen nazarin Hausa a jami'a.

'Yan'uwana ɗalibai, idan hutu ya zo ku leƙa ƙarƙashin gadon kakanninku da saman silin. Idan kun ga kaset, kada ku bari a ba yara su ja zarensa, kada kuma ku yi irin ɗokina. Ku tambayi manya wa ya saye shi, a ina aka kalle shi, da su wa.

Kaka tana nan da ranta, sai dai ido ya yi rauni. Duk Juma'a bayan la'asar nakan je gida da kwamfutata, ta ce, "Sa muna na Bafillacen nan." Ba ta ganin hoton sosai, amma ta san inda kowace dariya take, takan ma riga Ibro. Kaset ɗin Samanja da na tsinka kuwa yana nan a saman akwatin, da rubutun Kawu a jikinsa. Ban ba kowa aro ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiƙan Ibro da Samanja da Ƙasimu Yero, Ya dawo mana da zaman lafiya a Magami.