Harawar dawaki ɗari biyu

Masu ƙera motoci har yau da doki suke auna ƙarfin inji. Motar da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar a shekarar 2004 da sunan Golf GTI, zubi na biyar, dawaki 200 aka rubuta mata. A Turai da Amurka akwai masu sana'ar ƙara yawan dawakin nan ba tare da sun kwance inji ba: su jona kwamfuta, su sake rubuta umarnin da ke ƙwaƙwalwar motar, turbo ya ƙara tura iska. Amma iska kaɗai ba ta ci da wuta. Duk abin da aka ƙara na iska sai an biya shi da mai daidai gwargwado, kamar yadda mai shirin sukuwar hawan salla yake fara ƙara wa dokinsa dawa tun azumi bai yi nisa ba.

A tsohuwar Peugeot 504 mai kafireta, mai da iska suna haɗuwa tun a waje, injin ya zuƙe su tare. A wannan Golf kuwa, cikin silinda ake fesa man kai tsaye, inda iska take a matse, don haka sai an tunkuɗa shi da ƙarfin da ya kai bar 110. Tayar mota bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Famfo biyu ne ke raba aikin: na cikin tanki yana miƙo mai a hankali, na biyu yana bisa kan injin, kuma a cikinsa akwai wani fistan da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, faɗinsa milimita 8. Sandar da ke buɗe bawul tana da ƙusumbi uku a ƙarshenta, su ne ke dukan fistan ɗin sau uku a kowane juyi.

Nan gizo ke saƙar. Yawan man da famfon ke bayarwa ya rataya ga saurin juyin inji, alhali turbo yana cika ƙarfinsa tun injin na tsaka-tsakin gudu. Ƙari kaɗan famfon asali yana iya ɗauka. Idan aka zarce, a daidai lokacin da direba ya taka don ya wuce babbar mota, matsin mai sai ya faɗi. In an yi sa'a, ƙwaƙwalwar motar ta gane, ta janye ƙarfi, motar ta yi tuntuɓe a tsakiyar hanya. In ba a yi ba, iska ta rinjayi mai, zafi ya hau, injin ya shiga ƙwanƙwasa har fistan ya tsage. Masu Mazda3 MPS sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa a wurinsu gyaran famfo yake gaba da taɓa kwamfuta.

Irin waɗannan motoci sun tsufa a Turai, wasu sun biyo sahun na hannu da suka yi shekaru suna sauka a Kwatano kafin su hau hanyar Gaya. Ɗaya ta faɗo hannun wani saurayi ɗan kasuwa a Maraɗi. Ya sauya mata salansa, ya sami mai kwamfuta a Yamai, saura tafiya. Ya biya ta garejin wani dattijon makaniki don juyen baƙin mai kawai, ya ba shi labari.

"Ɗana, famfon fa?"

"Baba, ai lafiyarsa lau."

"Lafiyarsa lau da dawakin da aka haife shi da su."

Dattijon ya kwance famfon, ya zaro wata ƴar hular ƙarfe da ke tsakanin ƙusumbi da fistan. Baƙin shafen da ke kanta ya goge, tsakiyarta ta fara lotsawa. Wannan hula ita ce sanannen raunin injin: in ta huje, gindin fistan ya ci sandar, gyaran ya tashi daga na ƴan jikkuna zuwa na ɗaruruwa. Kamfanin da kansa ya koma ga mai gangara a injin da ya biyo baya.

Maganin da kamfanoni irin su Autotech ke sayarwa shi ne fistan mai kauri da gidansa, a sa su cikin tsohon famfon. Daga milimita 8 zuwa kusan 10 kamar ba kome ba ne, amma fuskar da ke tura mai ta ƙaru da kusan rabi. Nauyin da ke kan ƴar hular ma haka ya ƙaru, abin da masu talla ba su cika ɗaga murya a kansa ba. Wanda ya sa babban fistan ya ɗaukar wa kansa duba hular a kai a kai muddin motar na hannunsa.

Akwai kuma abin da takardar kayan ba ta yi tanadinsa ba. Tsakanin fistan da gidansa ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yi kartar da za ta sa esansi ya zurara cikin baƙin mai, ga shi garejin na ƙarƙashin bedi ne, ga hunturu da ƙurarsa. Umarnin da ake sayarwa a Turai ma yawanci don mai mai lamba 98 aka rubuta shi, a ƙasashen da ba su san zafin Afrilu na digiri 40 da ɗoriya ba, balle man kwalba na bakin titi.

Da kayan suka iso bayan makonni, dattijon bai buɗe su a gareji ba. Ya kai famfon ɗakinsa bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi, ya rufe taga, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ya kuma gindaya sharuɗɗa biyu kafin a nufi Yamai: mai sai na gidan mai, kuma a gaya wa mai kwamfutar ya rage wuta saboda bazara. Sabuwar hula biyu ya sa aka sayo, ɗaya a injin, ɗaya a akwatin gaban mota.