Ranar Da Ƙararrawar Sahur Ba Ta Buga Ba

Ya ku ƙannena ɗaliban wannan makaranta. Da malamin da ke kula da wannan mujalla ya nemi tsofaffin ɗalibai su rubuto abin da suke tunawa na zaman makaranta, sai na yi niyyar ba ku labarin shekarar da gidanmu ya ci kofin guje-guje da tsalle-tsalle. Amma duk sa'ad da na ɗauki alƙalami, sai wani labari dabam ya faɗo mini a rai, wanda ba na alfahari da shi ko kaɗan. To, shi zan ba ku, don an ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Duk wanda ya zauna a makarantar nan ya san tsohon ƙarfen ƙafar babbar motar nan da ke rataye a jikin darbejiya, tsakanin masallaci da ɗakin cin abinci. Shi ne ƙararrawarmu. A zamaninmu mu wajen 700 ne a gidaje shida, kuma babu mai motsi sai da izinin wannan ƙarfe. Shi ke tashe mu ƙarfe 5 na asuba mu yi salla, mu yi shara, mu yi wanka. Shi ke kiranmu asambuli, shi ke shigar da mu aji, shi ke fito da mu shan koko da ƙosai. Da la'asar ya kora mu filin wasa, wasu ƙwallon ƙafa, wasu hoki, wasu ƙwallon bango. Ran Laraba da yamma ya raba mu ƙungiya-ƙungiya: 'yan muhawara, 'yan wasan kwaikwayo, 'yan sikawut, matasa manoma. Da dare ya tara mu karatun firef, ƙarfe 10 kuma ya ce a kashe fitila. Ba banza ba ne Bahaushe yake cewa ƙarfe kaza in zai faɗi lokaci.

Wannan tsari ba makarantarmu ce ta ƙaga shi ba. Raba ɗalibai gida-gida, da naɗa musu shugabanni daga cikinsu, da gasar wasanni tsakanin gidaje, duk daga makarantun kwana na Ingila aka kwaikwayo su. A ƙasar nan tamu ta Arewa sun yi saiwa ne a Kwalejin Katsina wadda aka kafa a 1921, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka yi karatu. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, har aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa a 1971. Waɗanda suka fito daga can suka zama malamai, suka bazu cikin larduna, suka tafi da al'adunta. Galibin al'adun nan masu kyau ne, domin suna koya wa yaro tsabta da kiyaye lokaci da zama da mutanen da ba garinsu ɗaya ba.

Amma akwai wata al'ada da ba a rubuta ta cikin littafin dokokin makaranta ba, ita ce ta siniya da yaronsa. Kowane babban ɗalibi yana da wani ɗan aji ɗaya mai ɗebo masa ruwa, ya yi masa wanki da guga, ya karɓo masa tuwo, wanda muke kira gabza. Shi kuma siniya ya tsare shi kada wasu su zalunce shi, ya koya masa lissafi, in garin kwakinsa ya ƙare ya sam masa. Haka ya kamata abin ya zama. Ni ma na yi wa wani wannan bauta ina aji ɗaya, na kuwa sha wuya, na riƙa cewa a raina, bari dai in girma.

A shekarar 1985 ina aji huɗu. Al'ada ce idan 'yan aji biyar za su fara jarrabawar fita, sai su sauka daga muƙamansu a naɗa 'yan aji huɗu. A gaban asambuli shugaban makaranta ya kira sunana, ya miƙa mini agogon tebur mai ƙararrawa da guntun ƙarfen da ake bugu da shi, ya ce daga yau ni ne mai kula da lokaci. Lokacin kuwa ana tsakiyar Yaƙi da Rashin Ɗa'a wanda gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a watan Maris na 1984, ko'ina maganar bin layi ake yi da zuwa aiki kan lokaci. Saboda haka sai na ɗauki kaina wani babban mutum. Ina tafe ina taƙama, yara suna kauce mini.

Ba a fi mako uku da naɗa mu ba sai azumi ya kama, wajen ƙarshen watan Mayu, ga zafi, damina ba ta zauna ba tukuna. Aikina ya ƙaru da guda: in tashi in buga ƙararrawar sahur ƙarfe uku da rabi na dare, don mutum 700 ba sa gama bin layi su ci abinci cikin ɗan lokaci kaɗan. Na yi kwana biyar ina yi, barci ya fara cin ƙarfina. Ran na shida sai na kira yarona, wani ɗan siriri da bai wuce shekara 12 ba, na ɗora masa agogon a hannu, na ce, “Daga yau kai za ka riƙa tashi ka buga. Kowane dare ka wana shi kafin ka kwanta.” Ya ce, “To, Siniya.” Me zai ce in ba haka ba?

Ya yi kwana uku yana bugawa daidai, ni kuwa ina ta sharar barcina sai ya kawo mini abinci har bakin gado. A dare na huɗu na tuna gobe akwai duba tsabta, fararen kayana kuwa duk sun yi datti. Bayan firef na tara masa su. Yaron nan ya wanke, ya hura gawayi ya zuba a dutsen guga, ya bushe su da guga ɗaya bayan ɗaya, bai kwanta ba sai da dare ya raba. Ya manta bai wana agogo ba. Agogo ya tsaya.

Masu dafa abinci sun gama aikinsu suna jiran ƙararrawa, shiru. Da babbansu, wani dattijo da muke kira Baba, ya ga abin ya yi yawa, sai ya ɗauki taɓarya ya je ya dinga dukan ƙarfen da kansa. Kai, ranar na ga tashin hankali! Ɗalibai suka fito a guje, wani ba riga, wani da kwanon wani, aka manta da layi, aka tuntsurar da tukunyar miya. Ba a yi minti goma ba ladan ya kira salla. Mafi yawanmu ruwa kaɗai muka samu muka kurɓa. 'Yan aji biyar kuwa suna da jarrabawa da safen nan.

Ana idar da salla suka kewaye ni. Na ga fuskokinsu, tsoro ya kama ni, sai na ji bakina yana cewa, “Na ba yaro agogo ya tashe ni, bai tashe ni ba.” Ban yi maganar wanki ba, ban kuma ce shi ke bugawa tun kwana huɗu ba. Suka jawo shi, suka tambaye shi ko haka ne. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne. Suka ba shi langalanga, suka nuna masa wani fili bayan gidanmu, suka ce ya sare ciyawar da ke ciki bayan an tashi daga aji.

Wajen ƙarfe 2 na rana na leƙa ta taga na hango shi. Rana tana dukansa, yana sara yana tangaɗi. Wani abokinsa Kirista ɗan ajinsu ya zo zai karɓe shi, aka kore shi. Kafin la'asar jiri ya kwashe shi, aka ɗauke shi zuwa ɗakin shan magani, malamin asibiti ya ce dole ya sha ruwa. Da na je duba shi na tarar yana kuka. Na zaci zafin horo ne, sai ya ce, “Siniya, bana ne na yi niyyar in kai talatin. Na gaya wa Innata ba zan sha ko ɗaya ba.” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da magariba na je karɓar kunun buɗa baki, Baba ya riƙe ludayi bai zuba mini ba. Ya ce, “Yaro, ran da aka naɗa ku ina tsaye a bakin ƙofar nan. Wa na ga an miƙa wa agogo?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya zuba mini kunu, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Daren nan ban runtsa ba. Ƙarfe uku da rabi ni na buga ƙararrawa, da gari ya waye kuma na tafi gidan malamin da ke kula da gidanmu, na zayyana masa kome da kome.

Ran Litinin shugaban makaranta ya fito da ni gaban asambuli, ya ce in maimaita abin da na faɗa wa malam. Na maimaita, murya tana rawa, 'yan aji ɗaya suna kallona. Na tabbata za a karɓe agogon, har na fito da shi daga aljihun jaka. Sai ya ce in mayar. Ya ce karɓewa hutu zai zama a gare ni. Hukuncina shi ne in ƙarasa sare filin nan ni kaɗai, in kuma riƙa wanke kayana da hannuna har ƙarshen shekara. Sa'an nan ya kafa doka: duk wanda aka ba muƙami, kada ya kuskura ya ɗora wa ƙaramin ɗalibi aikin muƙamin nan. Kwana huɗu na yi ina saran ciyawa bayan sallar la'asar, hannuna duk ya yi bororo. A rana ta biyu yaron ya zo da langalanga zai taya ni. Na ce ya koma, na kuma roƙe shi gafara. Ya ce, “Ba kome, Siniya.” Bayan salla ya rama azuminsa guda, ni ma na yi tare da shi.

Na riƙe agogon nan shekara guda cur, ƙararrawa ba ta sake makara ba. Ban ce na zama waliyyi ba, ya ci gaba da ɗebo mini ruwa kamar yadda aka saba. Amma daga ranar na gane cewa abin da na sha a aji ɗaya ba bashi ba ne da zan karɓa daga hannun wanda bai ci mini kome ba.

Kwanan baya da muka zo taron tsofaffin ɗalibai na ga ƙarfen yana nan a jikin darbejiya, na kuma ga wani yaro ya zo a guje ya buga shi. Na tambaye shi ko shi ne mai kula da lokaci, ya ce shi ne. Na ji daɗi ƙwarai.

To, ku sababbin shugabannin ɗalibai, ga shawarar yayanku. Ku riƙe al'adun makarantar nan da kyau, gasar gidaje da muhawara da duba tsabta da girmama na gaba. Amma aikin da aka kira sunanka a gaban jama'a aka ba ka, kai za ka yi shi, kai kuma za ka amsa in ya ɓaci. Idan za ka aiki ƙaramin yaro da dare, ka tuna shi ma yana da aji gobe, yana kuma da uwa a gida da ya yi wa alkawari. Ku kuma 'yan aji ɗaya, ku yi biyayya, amma in an ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku ku gaya wa malamin gidanku, wannan ba tsegumi ba ne. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya ɗaukaka makarantarmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.