Siminti Buhu 120 da Ban Rubuta Ba



Ya 'yan'uwa masu karatu, tun da Allah Ya nufe ni da tarewa a ɗan gidan da na gina a Ajingi, ba a raba ni da masu tambaya, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Kowa tambayarsa ɗaya ce: Malam, nawa ka kashe? Ni kuwa na ga faɗin jimla ba zai amfani kowa ba, domin farashin bara ba shi ne na bana ba. Abin da zai yi amfani shi ne in faɗi inda kuɗin suka zurare. Da na zauna da littafin lissafina, sai na iske hasarar da ta fi yi mini ciwo ta fito ne daga yarjejeniyar da na ƙulla da baka, ban rubuta ba, ban kuma yanka mata lokaci ba. Ga shi kuwa na shekara ashirin da ɗoriya ina karantar da almajirai babin ciniki.

Na sayi filin a 2021, gefen wata gona ce ta gado. Wanda ya yi mini tayi shi ne babba a cikin magada, mutumin kirki, amma gonar ba a raba ta ba tukuna. A nan kam karatu ya yi mini rana. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya sayi rabon wani daga abin da ake tarayya a kansa ba a raba ba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar masa da kuɗinsa su karɓe rabon, kuma wanda yake gari wannan haƙƙi nasa yana nan har shekara guda. Kai kana murnar ka zuba harsashi, wata ƙanwa tana gidan aurenta a Toranke ba ta ma san an sayar ba. Saboda haka na haƙura wata huɗu har aka raba gadon, aka kafa iyaka a gaban mai unguwa da maƙwabta, aka rubuta takardar ciniki, dagaci ya sa hannu. Daga nan na nemi takardar ƙaramar hukuma, domin Dokar Filaye ta 1978 ita ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba. Wannan jeka-ka-dawo ya ci kuɗi da tafin ƙafa, amma ban taɓa yin da-na-sani a kansa ba.

Sai maganar inda za a samo kuɗin gini. Wani abokina ma'aikacin gwamnatin tarayya ya kawo mini zancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ake cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari don a ranta masa kuɗin gida daga baya. Rancen da ya bayyana mini da ruwa a kansa, kashi 6 cikin ɗari a shekara. Ya ce ai kaɗan ne. Na ce masa ƙanƙantar riba ba ta sauya mata suna. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Ja'iz da ya fara aiki a 2012 da Taj da ya biyo baya a 2019, masu saya maka kaya su sayar maka da ƙarin da aka sani tun farko, ka biya sannu a hankali. Wannan hanya ce mai kyau ga mai albashi tsayayye. Ni da samuna ya rataya ga damina da ɗan abin da makaranta ke bayarwa, sai na zaɓi adashi da kiwon raguna da sayar da rarar amfanin gona.

Bari in ɗan ratsa saboda attajirai. Kuɗin da aka ajiye da niyyar gini, in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, zakka ta wajaba. Niyyar gini ba ta ɗauke ta. Amma rodi da kwano da bulo da mutum ya saya don gidan da zai zauna, babu zakka a kansu. Nawa kuɗin ba su kai nisabi ba. Abin da ya dame ni shi ne kullum darajarsu raguwa take yi a hannuna.

To, a nan na yi tuntuɓe. A farkon 2023, lokacin buhun siminti bai kai naira dubu biyar ba, na ɗauki abin da na tara na kai wa wani mai sayar da kayan gini wanda muka daɗe da sanin juna. Na biya kuɗin buhu 120. Ban kwashe ba, domin siminti ba ya jure ajiya. In ya yi 'yan watanni, musamman ya sha raɓar damina, sai ya dunƙule ya zama dutse. Na ce masa, "Alhaji, in na tashi gini zan aiko a ɗauka." Ya ce, "Allah gafarta Malam, duk ran da ka so." Muka yi musafaha na tafi. Ya jawo takarda zai rubuta, ni da bakina na ce ya bari, ai tsakaninmu ya wuce haka.

Niyyata in fara aiki da kaka. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kuɗin tifar yashi da ta tsakuwa suka tashi, haka kuɗin ɗauko rodi daga Ƙofar Ruwa da katako daga Na'ibawa, a bi ta Wudil da Gaya kafin a iso mu. Abin da na ware wa waɗannan ya gaza, sai na ɗaga aikin. Ban koma wurin Alhaji ba sai Fabrairun 2024, daidai lokacin da buhu ya haura naira dubu goma. A cikin watan ne Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a mayar da shi tsakanin dubu bakwai da dubu takwas, amma mu nan ƙauye ba mu ga wannan farashi nan da nan ba.

Alhaji ya tarbe ni da girmamawa, ya ce kuɗina suna nan, ba zai ci mini ko kwabo ba, amma buhu 120 a farashin yau zai karya masa jari. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma gida da niyyar in tattaro hujjoji daga littattafai in kai ƙara. Da na buɗe Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda nake biya wa yara kullum, sai na ga hujjar a kaina ta faɗo.

Ga yadda abin yake. In ka ba da kuɗi yanzu don ka karɓi kaya daga baya, ɗayan biyu ne. Ko dai ka sayi kaya sanannu da suke nan, aka ware maka su, ka bar su ajiya. Waɗannan naka ne, mai kanti ba shi da ikon sayar da su, in kuma sun lalace ba da sakacinsa ba kai ka yi hasara. Ko kuwa ka yi abin da malaman fiƙihu ke kira salam, wato kayan suna wuyan mai sayarwa bashi. Salam halal ne, amma da sharuɗɗa: a biya kuɗin a take ko cikin kwana uku, a san irin kayan da adadinsu, a kuma yanka ajali sananne, wanda malamanmu suka so ya kai kamar kwana goma sha biyar. Ni ba a ware mini buhu ko ɗaya ba, kuma "in na tashi gini" ba ajali ba ne. Cinikin ya ɓaci tun ran da aka ƙulla shi, ɓataccen salam kuwa hukuncinsa a warware, mai kuɗi ya karɓi uwar kuɗinsa. Abin da Alhaji ya yi mini tayi ke nan, shi da bai taɓa zama gaban malamin fiƙihu ba.

Aya ta 282 a Suratul Baƙara ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi da yanka masa lokaci da kafa shaidu ta sauka. Sau nawa na fassara ta a tafsirin azumi! Kunya ce ta hana ni aiki da ita, irin kunyar nan tamu da ke ɗaukar takarda kamar zargi. Na karɓi kuɗina, suka sayo mini abin da bai kai buhu 60 ba. Alhaji, Allah Ya saka masa, ya kai mini su har fili da motarsa bai karɓi kuɗin mai ba. Muna gaisawa har yau.

Wannan hasara ita ta sake wa gidan fasali. Ɗaki biyar na zana, na koma uku da zaure. Na ƙi taɓa harsashi da linta da rufi, domin a nan rowa take kashe mutane. Na kuma ƙi sayen bulo na kasuwa mai araha, wanda ake tsawaita buhu ɗaya har ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, ka murza da yatsa yana zuba. A fili aka buga mini nawa, ina tsaye, aka yi ta ba shi ruwa har mako guda. Katangar waje kuwa da tubalin ƙasa na yi ta. Wasu sun ga kamar na ci baya. Ni ban ga haka ba: da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya tsaya shekaru fiye da ɗari. Abin da ginin ƙasa ke bukata shi ne yaɓe kafin kowace damina, wannan kuwa ina iyawa.

Da aka zo kan magina, na riga na ji jiki. Aikin yini da jinga kowanne halal ne, kowanne kuma da cutarsa: mai aikin yini ba ya gaggawa, mai jinga kuma gaggawarsa ta yi yawa. Na zaɓi jinga mataki mataki, daga harsashi zuwa linta, daga linta zuwa rufi, kowanne da takardarsa da shaidu biyu. Muka rubuta wa zai kawo ruwa, wa zai biya lebura, abincin rana a kan wa yake, da ranar gamawa. Maginin, dattijo ne daga Gaya, ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ko ɗaurin aure ba a yi masa wannan rubutu." Amma da saɓani ya taso a kan ko filastar zaure tana cikin jingar, takardar ce ta raba mu cikin minti biyar, kuma shi ta ba gaskiya. Na biya. Abu guda da na tsare shi ne ban taɓa kiran lebura aiki ba sai kuɗinsa na aljihuna. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa wanda ya sa ɗan ƙodago aiki, ya karɓi aikin cif, ya hana shi lada, Allah da kanSa ne abokin husumarsa ranar Alƙiyama. Na ga masu hali da dama suna dora bene a kan kuɗin yaran da suka ɗauki kwanon kankare, suna ce musu su dawo Juma'a.

Saura haƙƙin maƙwabci, wanda shi ma kuɗi yake ci, mutane ba sa sa shi a lissafi. Akwai wani magini a Tunis a ƙarni na takwas na Hijira, ana ce masa Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gini, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncensu mai suna Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Yawancin abin da ke ciki shi ne abin da muke faɗa a kansa yau: taga, da indararo, da masai. Malaman Malikiyya sun ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a ajiye gado a bayan taga, mutum ya hau. In ya hango cikin gidan maƙwabci, a toshe ta. Na sa aka gwada haka da benci, aka ɗaga tagogi biyu na gabas. Indararo na juya su cikin tsakar gidana, ruwan ya bi ta rariya zuwa hanya.

Masai ne ya fi tsada. An riga an haƙa rami ƙafa shida sai maƙwabcina, tsoho ne sa'an mahaifina, ya leƙo ya ce, "Malam, rijiyata fa tana bayan katangar nan." Na ce, "Baba, ban lura ba." Ramin a cikin filina yake, amma Risala ta hana mutum haƙa abin da zai cuci maƙwabci ko da a mulkinsa ne, ma'aikatan lafiya kuma suna son a nisanta masai da rijiya kamar mita 30, balle a ƙasa mai rairayi irin tamu da ruwa ke ratsawa da sauri. Aka cike ramin, aka koma can kusurwar yamma, na biya haƙa sau biyu da ƙarin bututu.

Mun tare bayan Babbar Salla ta 2025. Ɗaki ɗaya har yanzu babu silin, ƙofar zaure kuma ta kwano ce kafin Allah Ya hore ta ƙarfe. Kuɗin ƙofar na riga na ba maƙeri rabi, an rubuta faɗinta da tsawonta da kaurin ƙarfen da ranar da zai kawo, takardar tana cikin Risalar, a babin ciniki.