Haikalin Thanjavur da lissafinsa a jikin bango

Jirgin ƙasa daga Chennai yakan ratsa gonakin shinkafa na bakin kogin Kaveri kafin ya isa Thanjavur, a jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, laka da ruwa da bishiyoyin kwakwa, ba tsauni ba tudu. Shi ya sa hasumiyar haikalin Brihadiswara ke ba baƙo mamaki tun daga nesa: tsayinta ya kai mita 60 da ɗoriya, kuma da dutse mai tauri aka gina ta, irin wanda sai an yi tafiya mai nisa ake samunsa a wannan yanki.

Sarki Rajaraja na ɗaya, na daular Chola, shi ya sa aka yi ginin, aka kammala a shekarar 1010. Sarki ne mayaƙi, wanda rundunarsa ta haye teku ta ci arewacin Sri Lanka, kuma dukiyar yaƙi da harajin shinkafa suka ɗauki nauyin aikin. Mutanen garin suna ba da labarin cewa an yi gangaren ƙasa mai tsawon kilomitoci, giwaye suka ja dutsen da ke can ƙololuwa har suka ɗora shi. Ko yaya aka yi, wanda ya tsaya a gindin hasumiyar ya ɗaga kai sai ya jinjina wa magina.

A bakin ƙofa kowa ke tuɓe takalmi, kuma da rana daɓen dutsen yana ƙona tafin ƙafa. Haikalin na Shiva ne, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu. A tsakar fili akwai sassaƙen bijimi mai suna Nandi, wanda a imaninsu shi ne abin hawan Shiva, an fitar da shi daga dutse guda, yana gurfane yana fuskantar ɗakin bauta. A cikin ɗakin akwai linga, dogon dutse mulmulalle da ke wakiltar Shiva, ana yi masa wanka da ruwa da madara, ana yi masa ado da furanni. Masu ibada suna fitowa da farar toka a goshi. Ni Musulmi ne, ibadarsu ba tawa ba ce, sai na koma gefe na ba su wuri. Amma na ga tsofaffi da ƴanmata da ma'aikatan ofis suna layi cikin natsuwa, na gane wurin yana raye, bai zama kango na masu ɗaukar hoto ba.

Abin da ya fi kama zuciyata yana ƙasa, daidai idon mai tafiya. An zagaye gindin ginin da rubutun Tamil, layi bisa layi, an sassaƙa a dutse bisa umarnin sarki. Ba kirari kaɗai ba ne. Lissafi ne: zinariya da kayan ado da sarki ya bayar, da nauyin kowanne, da abin da yayarsa Kundavai ta bayar, da na matansa, da na hakimansa. An rubuta sunayen mata masu rawar ibada su 400, da garin da aka ɗauko kowacce, da gidan da aka ba ta, da rabonta na shinkafa. An lissafa mawaƙan ibada, makaɗa, masu gadi, maɗinka, wanzamai, maginan tukwane, har masu wanki. Sarakuna da yawa sun bar sunayensu a duniya, amma waɗanda suka bar sunan mai yi musu rawa da albashinta ba su da yawa.

Tsarin fitilun ma abin dubawa ne. Don kada fitila ta mutu, sai a damƙa wa makiyayi tumaki 96, ko shanu 48, shi kuma kullum ya kawo mudun man da aka yanka masa. Ribar garken tasa ce, sharaɗin kawai kada adadin ya ragu, ƴaƴan da aka haifa su maye gurbin waɗanda suka mutu. Duk wanda ya taɓa ba Bafulatani kiwo zai gane wannan yarjejeniya nan take. Ta haka haikalin ya zama ma'aji, mai ba da bashi ga ƙauyuka, mai ɗaukar ma'aikata, ban da kasancewarsa wurin bauta.

Daular Chola ta faɗi a ƙarni na 13, amma waɗanda suka biyo baya ba su rushe haikalin ba, ƙari suka yi. Sarakunan Nayak da na Maratha sun gina ƙananan ɗakunan bauta a harabar. Masu zanen Nayak sun shafe tsofaffin zanen Chola da nasu a lungun da ke kewaye da ɗakin linga, sai a 1931 aka gano na asalin a ƙarƙashi, launinsu bai gushe ba. Hukumar UNESCO ta sa haikalin cikin kayan tarihin duniya a 1987, kuma a 2010, da ya cika shekara dubu, masu rawar gargajiya ta Bharatanatyam su 1,000 suka taru suka yi wasa a filinsa.